An gano kumburin jijiya a kaina: likita ya ce a yi tiyata, dangi sun ce a bari

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, sai yau da abin ya zo kaina. Ni malamar makaranta ce a Kano, shekaruna 46, 'ya'yana biyar, kuma shekara shida ke nan ina shan maganin hawan jini. Wata uku da suka wuce adaidaita sahun da nake ciki ya yi karo, kaina ya bugi ƙarfe, aka tura ni hoton CT don a tabbatar jini bai taru ba. Buguwar ba ta yi ɓarna ba, amma mai karanta hoton ya ga wani abu da hankalinsa bai kwanta da shi ba, aka sake yi mini wani hoton wanda ake ɗura ruwa a jijiya. Daga nan likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya shaida mini cewa wata jijiyar jini ta kumbura a bayan idona na dama, suna kiran abin aniyurizim, girmansa milimita 8, kamar ƙwayar gyaɗa, kuma bai fashe ba. Shawararsa ita ce a yi aiki tun kafin ya fashe.

Maigidana ya amince da farko, amma yayarsa da kawuna sun ce ba su taɓa jin inda aka buɗe kan mutumin da yake tafiya da ƙafarsa yana cin tuwonsa ba. Ni kuma tun ranar barci ya ƙaurace mini, ko atishawa ta zo sai in riƙe ta don tsoro. Ina neman shawarar wanda ya san wannan lalura, ko ya yi jinyar mai ita.

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Ihsan, Allah ya ba ki lafiya. Ni dai ina tare da kawunki, kuma ba da ka nake magana ba. Yayana an yi masa aiki a kai shekara tara da suka wuce, ya shiga yana magana, ya fito bai ƙara haɗa kalma biyu ba har Allah ya karɓi abinsa, bayan mun sayar da fili da shanu. Abin da ba ya miki ciwo, wanda da ba don hatsari ba ma ba za ki san da shi ba, ina ganin a bar kaza cikin gashinta. Kuma in ma dole ne sai an yi, ban ga wanda zan miƙa wa kaina a ƙasar nan ba.

Hajiya Mai Jinya:
Baban Walid, Allah ya jiƙan yayanka, amma ina so ka gaya mana, shi me aka yi masa aiki a kansa? Na yi shekara 31 ina aikin jinya kafin in yi ritaya, kuma abin da na sani shi ne yawancin waɗanda ake shiga da su ɗakin tiyata a kan matsalar kai a wurinmu, an riga an makara: ko jini ya zuba, ko ƙari ya girma ya danne ƙwaƙwalwa. Sai dangi su ɗora wa wuƙar likita laifin ɓarnar da ciwo ya riga ya yi.

Ke kuma ƙanwata, ki daina riƙe atishawa, ki yi abinki. Kwatancin wannan kumburi shi ne tiyub ɗin keke da wani gefensa ya yi laushi ya kumburo, kuma abin da ke cin sa a hankali shi ne ƙarfin bugun jini na yau da gobe, shi ya sa maganin hawan jininki ya fi komai muhimmanci a yanzu. Alamomin da za ki kiyaye, ki kuma sanar da kowa a gidanki, su ne ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya irin wanda ba ki taɓa ji ba a rayuwarki, da sanƙarewar wuya, da amai, da kasa kallon haske. Saboda wurin da naki yake, ki ƙara da wannan: idan fatar idonki na dama ta sauko, ko kika fara ganin abu bibbiyu, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya shafa man zafi, a nufi asibiti.

Baban Walid:
Gaskiya ne Hajiya, nasa jini ne ya zuba bayan ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa. Amma wannan bai canja mini ra'ayi ba, domin kai ɗaya ne, wuƙa ɗaya ce.

Abu Sumayya:
Ni mai irin wannan lalura ne, don haka bari in faɗi nawa. An gano nawa shekara shida da suka wuce lokacin da ake binciken wani jiri da ya dame ni, milimita 4, bai fi ƙwayar dawa ba, kuma likitoci biyu suka haɗu a kan cewa a bar shi a riƙa dubawa. Ana yi mini hoton MRI lokaci zuwa lokaci, har yau bai ƙaru ba. Sharaɗin da aka kafa mini shi ne in bar sigari, wadda na shekara ashirin ina sha, kuma na bar ta a ranar, na rage gishiri da dunƙulen miya, na sayi na'urar awon jini na ajiye kusa da dardumar salla don kada in manta. Shekarar farko ita ce mai wuya. Na kasance idan na sunkuya ɗaukar buta sai in ji kamar yanzu ne, na daina tuƙi zuwa Abuja, har matata ta fara zaton aljanu ne suka taɓa ni saboda yawan shirun da nake yi. Daga baya mutum yakan saba, ko da yake mako guda kafin kowane hoto tsoron yana dawowa sabo. Ban ce ki ƙi aiki ba, Maman Ihsan, domin naki ya ninka nawa. Ina so ne kawai a sani cewa ba kowane kumburi ake taɓawa ba, kuma likitan da ya ce a yi naki mai yiwuwa shi ne zai ce a bar nawa.

Dakta Na Zaure:
Sannu da jiki, Malama. Ni likita ne amma ba na tiyatar ƙwaƙwalwa ba, kuma ban ga hotonki ba, saboda haka maganata ba ta maye gurbin ta wanda ya duba ki. Kusan mutum 3 cikin kowane 100 na manya suna yawo da irin wannan kumburi, mata sun fi maza, kuma mafi yawansu za su rayu su mutu da wani dalili dabam ba tare da ya taɓa fashewa ba. Abin da likita yake aunawa shi ne girmansa, da wurin da yake, da siffarsa, da shekarun mai shi, da hawan jini da shan taba, da tarihin dangi.

Bayanin da kika yi, cewa a bayan ido yake, ya nuna mai yiwuwa naki yana mahaɗar da wata ƙaramar jijiya mai haɗa jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa da na baya ta rabu da babbar jijiyar da ke hawowa daga wuya, kuma wannan wuri yana cikin waɗanda suka fi saurin fashewa. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2003, wanda ya bi mutane sama da 4,000 a Amurka da Kanada da Turai, ya samu cewa kumburin da bai kai milimita 7 ba a jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, irin na Abu Sumayya in har a can yake, da wuya ya fashe cikin shekara biyar. Amma a irin wurin da naki yake, mai girman milimita 7 zuwa 12, adadin ya kai kashi 14.5 cikin 100. Wani ma'auni da aka fitar a 2014 mai suna PHASES, wanda ya haɗa bincike da yawa, yana ba mai irin bayananki kusan kashi 3 cikin 100 a shekara biyar. Kin ga tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu, kuma dukansu ba a kan mutanenmu aka tattara su ba. Jagora ne kawai, ba hukunci ba.

Baban Walid:
To Dakta, ai ka yi mini aiki. Idan 3 ne cikin 100, ashe 97 suna nan lafiya ƙalau. Wane mai hankali ne zai yarda a fasa masa ƙoƙon kai saboda uku?

Dakta Na Zaure:
Tambayarka tana kan hanya, Baban Walid, kuma da Malama tana da shekara 78 da amsata ta zo kusa da taka. Amma ukun nan na shekara biyar ne kawai. Mace mai shekara 46 tana iya samun shekara talatin ko fiye a gabanta idan Allah ya so, kuma haɗarin yana taruwa ne shekara bayan shekara, alhali haɗarin tiyata sau ɗaya ake ɗaukar sa. Ba zan ɓoye ba, aikin yana da nasa haɗari: wasu 'yan kaɗan cikin ɗari sukan samu matsala kamar shanyewar ɓarin jiki, ko raunin ido, ko farfaɗiya, kuma akan rasa rai ko da yake ba kasafai ba. Sai dai a ɗaya ɓangaren, idan kumburin ya fashe, kusan ɗaya cikin uku ko fiye ba sa tashi, wasu tun kafin a isa asibiti, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa komawa yadda suke. Abin da ya sami yayanka yana cikin wannan ɓangare na biyu. A wurinmu kuma akwai ƙarin lissafi wanda ba ya cikin binciken Turawa: idan abin ya faru da ƙarfe biyun dare, awa nawa za a ɗauka kafin a samu mota, a yi hoto, a haɗa kuɗi, a samu gado a ɗakin kulawa ta musamman?

Game da cewa ba a iyawa a nan, wannan aiki ba sabo ba ne. Walter Dandy ne ya fara matse wuyan irin wannan kumburi da ɗan ƙarfe a Baltimore ta Amurka a 1937, kuma abin mamaki a daidai irin wurin da na Malama yake. A Najeriya, Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan tun 1962, a Arewa kuma akwai cibiyar da Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranta a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda likitoci da dama suka samu horo. Ban ce ko'ina ake da kayan aiki ba. Abin tambaya shi ne, shi wannan likitan irin wannan aiki nawa yake yi a shekara, yaya sakamakonsu yake, kuma asibitin yana da madubin tiyata da ɗakin kulawa mai aiki. Ki tambaye shi ido da ido, likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ɗan Damagaram:
Ina gaishe ku daga Nijar. Ni ba a buɗe mini kai ba. Daga Yamai aka tura ni Tunis, can aka bi ta jijiyar gindin cinya da wani siririn bututu har cikin kai, aka cusa zaren ƙarfen filatinam a cikin kumburin har ya cika, jini ya daskare a ciki ya daina shiga. Suna kiran zaren koyil, kuma likitan ya gaya mini wani ɗan Italiya mai suna Guglielmi ne ya ƙirƙiro shi, aka fara amfani da shi a 1990. Kwana uku aka sallame ni, ban da ɗan tabo a cinya ba abin da ya nuna an yi aiki. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Bayan wata shida sai da na koma aka sake hoto, domin zaren yakan lotsa jini ya sake samun hanya, kuma kuɗin komawar bai shiga lissafinmu na farko ba, sai da na sake bin dangi. Wanda aka saka wa raga, wato ɗan bututun ƙarfe mai tokare zaren, a cikin jijiyar kuma dole ya sha maganin tsinka jini iri biyu, asfirin da wani, na tsawon watanni ba fashi. Don haka Maman Ihsan, duk wanda ya ce miki ki tafi Indiya ko Masar, ki tambaye shi wa zai duba ki bayan kin dawo.

Maman Ihsan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dakta, maganar dangi da ka yi ta tayar mini da wani abu. Mahaifiyata ta rasu tana da shekara 52, tana tsakar gida tana tankaɗe ta dafe kai ta ce kanta zai tsage, kafin la'asar ta cika, kafin magariba an kai ta. Ba a yi wani bincike ba, aka ce hawan jini ne, wasu suka ce jifa ne. Yanzu ina tunanin ko wannan ne, kuma ina tsoron 'ya'yana da ƙannena.

Dakta Na Zaure:
Allah ya jiƙanta da rahama. Ba mai iya tabbatarwa yanzu, amma yadda kika siffanta ya yi kama da zubar jini a kai, kuma lallai ki gaya wa likitanki wannan labari kamar yadda kika gaya mana, domin yana iya ƙara nauyi a ɓangaren yin aiki. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a yi wa dangi hoto idan mutum biyu ko fiye na kusa, wato iyaye ko 'yan'uwa ciki ɗaya ko 'ya'ya, sun samu lalurar, ko kuma idan akwai ciwon ƙoda na gado mai sa ƙulli-ƙullin ruwa a ƙoda. Ƙannenki manya su ne abin fara dubawa, yara ƙanana ba a gaggauta musu. Abin da kowannensu zai iya yi tun yau ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba shi ne awon jini, da barin sigari da shisha ga mai sha.

Akwai kuma abin da nake so ki sani tun yanzu don kada ranki ya ɓaci daga baya. Idan kina da ciwon kai na yau da kullum, mai yiwuwa ba kumburin ne ke kawo shi ba, kuma aikin ba lallai ya raba ki da shi ba. Manufar aikin ita ce hana fashewa.

Malam Mai Almajirai:
Bismillah. Na ga ana ta kawo maganar likita, bari in taɓa abin da nake jin shi ne ainihin damuwar kawunki, wato kada a ce an yi wa Allah shisshigi. Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma Tirmizi ya kawo labarin mutumin da aka ce masa ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Ni a ganina hatsarin adaidaita sahun nan da ya tona abin da ke ɓoye, shi ma cikin ƙaddara yake. Addu'a da ruƙiyya ki ci gaba da su, ba su hana tiyata ba, tiyata ba ta hana su ba. Bayan aiki, idan sujada ta yi miki nauyi, hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba ki dama ki yi salla a zaune, in ba ki iya ba a kishingiɗe. Idan azumi ya riske ki cikin jinya ki sha ki rama, ayar tana cikin Baƙara. Sannan ki rubuta wasiyya, ki bayyana bashin da ake bin ki da wanda kike bi.

Maman Ihsan:
Malam, wallahi da na karanta kalmar wasiyya sai da gabana ya faɗi, na ajiye wayar na yi kuka.

Malam Mai Almajirai:
Ki yi haƙuri 'yata, ban faɗa don ina hango miki wani abu ba. Hadisin Ibnu Umar ya nemi duk Musulmin da yake da abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba ta rubuce a wurinsa, mai lafiya da maras lafiya. Tawa tana cikin akwati shekara goma sha ɗaya, har na sake ta sau biyu saboda waɗanda na sa shaida sun riga ni.

Hajiya Mai Jinya:
Tunda magana ta karkata wajen shiri, ga abin da na sha gani yana sa a ɗage aiki ranar da aka sa. Na farko shi ne ɓoye maganin gargajiya. Duk wani jiƙo ko tsimi ko garin magani da dangi za su kawo miki don tausayi, har da yawan tafarnuwa da citta da ake haɗawa don hawan jini, ki gaya wa likitan da zai sa ki barci, domin wasu suna hana jini tsayawa, kuma yawanci akan so a dakatar da su mako biyu kafin aiki. Haka magungunan ciwon jiki na kemis irin su diclofenac da ibuprofen. Maganin hawan jini kuwa kada ki tsayar da kanki, su za su gaya miki wanda za ki sha da safen ranar. Za a duba ƙodarki da sukari da yawan jininki, za a hana ki abinci kamar awa shida kafin a shiga, kuma kada wata mai tausayi ta lallaɓo miki kunu. Kada ki yi ƙunshi a yatsu ko ki sa jan farce, domin a yatsa ake maƙala abin da ke nuna iskar da ke cikin jini. Ki tsefe kitso ki wanke kai. Ki zaɓi mai jinya guda ɗaya mai natsuwa wadda za ta iya hana 'yan dubiya cika ɗaki, domin makonnin farko gajiya da ciwon kai da kumburin ido suna sa mutum ya ƙi hayaniya, kuma tauna takan yi zafi saboda naman gefen kunne da ake bi ta cikinsa.

Maman Ihsan:
'Yan'uwa, na dawo bayan mako biyu. Na kai hotunan wurin likita na biyu a wani gari, bai san abin da na farko ya ce ba, kuma maganarsu ta zo ɗaya. Na tambayi hanyar da aka yi wa Ɗan Damagaram, aka nuna mini a hoto cewa wuyan nawa kumburin yana da faɗi, zaren ba zai zauna ba sai an haɗa da raga, don haka ga mai shekaruna sun fi son a matse shi da ɗan ƙarfen titaniyam, wanda in ya kama da kyau ba kasafai ake komawa ba, kuma ba ya hana hoton MRI nan gaba. Na tafi da yayar maigidana, ta yi wa likitan tambayoyi sun fi nawa yawa, har ta tambaye shi ko shi zai yarda a yi wa matarsa. Ta fito ba ta ce ta amince ba, amma ita ce yanzu take lissafin wanda zai riƙe yara. Kawu har yau yana kan bakansa, na je na durƙusa na nemi ya yi mini addu'a ko bai yarda ba, ya yi. An sa rana bayan hutun makaranta, kuma an ce mu tanadi jini leda uku. Wasiyyar ma na rubuta, Malam.

Baban Walid:
Ni dai har yanzu raina bai kwanta ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ya kwanta ba. Amma a Kano nake, jinina rukunin O ne, idan ledar ba ta cika ba a yi mini magana ta wurin mai kula da zaure.

Hajiya Mai Jinya:
Masu ba da jinin su je kwana uku ko huɗu kafin ranar, kada su bari sai da safen, domin sai an tantance jinin an gwada shi da naki. Su ci abinci su sha ruwa kafin su je, kuma ku kai mutum biyar ko da uku ake nema, saboda da wuya a rasa wanda za a mayar.